TABON DA YA ƘI FITA: ABIN DA MOTAR ƘUNGIYA TA KOYA MANA

Jawabin kwamitin kula da mota, kamar yadda aka karanta shi a gaban babban taro. An buga shi a nan domin waɗanda ba su samu zuwa ba, musamman 'yan'uwanmu mazauna Gaya, da Doso, da Yamai, da Kamba.

Ranka ya daɗe Maigari, dattawanmu, iyayenmu mata, shugaban ƙungiya, 'yan'uwa, da ku samari da ke tsaye can baya, muna yi muku barka da zuwa.

A taron da ya wuce kun ɗora mana aiki, mu huɗu, kuka ce mu ta da motar ƙungiya daga inda take kwance, sa'an nan mu zo muku da bayani. Inji dai ya tashi, kowa ya ji da kunnensa. Abin da ya rage shi ne jikinta. Ga ta can bakin ƙofa kun gani: wani wuri tana ƙyalli, wani wuri da tabo, ƙofar baya ta hagu kuwa akwai wani fili toka-toka, faɗin tafin hannu, wanda da ba ta da shi. Maganganu biyu sun iso kunnenmu. Wasu sun ce ragwanci muka yi, ba mu goge ta sosai ba. Wasu sun ce yaron da ya ɓata ƙofar shi zai biya. Za mu amsa duka biyun, amma sai kun yi haƙuri mun bi da ku ta hanyar da muka bi, domin yau akwai kuɗin jama'a da za ku yanke shawara a kansu.

1. YADDA TA KAI GA HAKA

Motar nan 'yar Kwatano ce, kamar yawancin motocin ƙasarmu. Ta yi ƙuruciyarta a Turai, aka ɗoro ta a jirgin ruwa ta sauka tashar Kwatano, ta biyo hanyar Faraku da Kandi fiye da kilomita 700, ta hayo gadar Malanbil. Aikinta biyu ne. Na fari ta kai mara lafiya ko mai naƙuda asibitin Gaya, in abin ya yi tsanani a wuce Doso, tafiyar kilomita wajen 150. Na biyu, sauran ranaku direba ya yi jigilar fasinja da kaya tsakanin Gaya da Malanbil, abin da ya samu da shi ake sayen mai da taya.

Ran 26 ga watan Yuli 2023 mulki ya sake hannu a Yamai, bayan kwana huɗu ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Kowa ya ga manyan motoci ɗaruruwa jere a hayin Malanbil. An ɗage takunkumin cikin Fabrairu 2024, iyakarmu da Najeriya ta buɗe cikin Maris, amma gadar ta ƙare wannan shekara a rufe, jama'a na hayewa da kwalekwale. Hanyar abincin motar ke nan ta toshe. Ana cikin haka akwatin giyarta ya lalace, ga asusu ba kuɗi, sai muka tura ta gindin mangwaron bayan ofis muka ce ta kwana biyu. Kwana biyun nan ya zama damina biyu da hunturu biyu. Jemagu na kwana a samanta, magina sun yi aikin katanga a gefenta, mai walda ya gyara ƙofar ofis a gabanta, yara kuma sun mai da ita wurin wasa.

2. MENE NE FENTIN MOTA?

Da abin ya fi ƙarfinmu, bayan ɓarna ta riga ta auku, sai muka je Gaya wajen wani dattijo mai fenti wanda ya koyi sana'arsa a Kaduna, muka ɗauko shi. Kafin ya taɓa motar sai da ya zaunar da mu ya ce, "Yara, ku ba tabo kuke gogewa ba, fenti kuke ci." Ga abin da ya koya mana.

Fentin motar zamani riga uku ce a kan ƙarfe. Ta ƙasa ita ce shimfiɗa, yawanci toka-toka ce, ita ke kama ƙarfe ta hana tsatsa. Ta tsakiya ita ce launi, watau shuɗin nan da muke gani. Ta sama ba ta da launi, garau take kamar gilashi, masu garaji a nan suna ce mata berni. Ita ke ƙyalli, ita ce kuma ke tare zafin hasken rana kada ya ƙone launi. Ku dubi takardar nan da muke karantawa. Kaurinta wajen kashi ɗaya ne cikin goma na milimita. To, riguna ukun nan gaba ɗaya, yadda suke fitowa daga masana'anta, kaurinsu kamar na takardar nan ne, ko ya ɗara kaɗan. Berni ita kaɗai ba ta kai rabin takardar ba.

Man goge mota kuwa ba sihiri ba ne. Gari ne mai laushi ƙwarai a cikin mai, aikinsa ya kankare saman berni kaɗan kaɗan har wurin ya daidaita. Duk goga ɗaya berni na raguwa, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Masu sana'ar suna cewa in ka cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nata, ragowar ba za ta daɗe a gaban rana ba.

Tsofaffin motoci dabam suke. Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975, yawancinsu launi da ƙyalli a riga ɗaya suke. Shi ya sa in ka goge tsohuwar 504 tsumma yakan ɗauko launinta, wannan ba laifi ba ne, mataccen fenti ne ke fita, mai rai na ƙasa. Amma motar da ke da berni, in ka ga launi a tsummanka, ka riga ka huda rigar sama. Saboda haka abu na fari, a samu farin tsumma da ɗan man goge, a gwada a wurin da ido ba ya kaiwa, a san irin fentin da ake aiki da shi.

3. TABO IRI BIYU NE

Wannan shi ne gindin maganarmu ta yau. Wani tabo a kan fenti yake zaune, kamar kaska a jikin saniya. Wani kuwa a cikin fenti yake, kamar tsagar fuska. Na farko ɗauke shi ake yi, fenti bai san an yi ba. Na biyu ba abin da za a ɗauke, rami ne, sai dai a rage fentin da ke kewaye da shi har ya zo daidai da gindin ramin. Wanda bai rarrabe su ba, shi ne zai yi ta dirzar rami yana cewa tabo ya yi taurin kai.

Ana gane su ta hanya uku, bayan an wanke mota ta bushe, a inuwa:

(a) Gwajin leda. Ka sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa wurin a hankali. Leda na ƙara wa yatsa ji. In ka ji tsakuwa-tsakuwa ko tudu, abin a sama yake.

(b) Gwajin farce. Ka ja farcenka a gicciye bisa tabon. In ya wuce sumul, tabon bai yi zurfi ba. In farce ya maƙale, ramin ya fi ƙarfin man goge.

(c) Gwajin ruwa. Ka zuba ruwa a wurin. In tabo ya ɓace yana jiƙe, ya dawo da ya bushe, a cikin berni ya tsaya, akwai dabara. In yana nan ko a jiƙe, kana hangen fari ko toka ko ƙarfe, ya riga ya wuce berni, aikin mai fenti ne.

4. WAƊANDA KE SAMA

Ƙa'ida ita ce a fara da abu mafi sauƙi, in bai yi ba a matsa gaba taki ɗaya. Kowane tabo kuma da abin da ke narka shi.

Ƙura da laka. Ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyoyinmu akwai yashi a ciki, yashi kuwa ya fi fenti tauri. Direban da ke kaɗe mota da busasshen tsumma kowace safiya samfefa yake yi mata bai sani ba, shi ne zanen nan kamar saƙar gizo da kuke gani in rana ta haska. A fara kwara ruwa da yawa. A aje bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tsumma. A wanke daga sama zuwa ƙasa. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aikinsa na ranar.

Kashin jemage da na tsuntsu. Kada a kankare shi a bushe, akwai ƙwallayen 'ya'yan itace da tsakuwa a ciki. A jiƙa tsumma a ɗora a kai minti goma, sa'an nan a ɗauke shi sama, ba a ja shi ba.

Kwalta. Kananzir kaɗan a tsumma, a dafa a wurin, a ba shi lokaci ya narke, a share, a bi da sabulu da ruwa.

Ƙaron itace, da danƙon mangwaro, da lambobin da ake rubuta wa motoci a tashar jirgin ruwa. Alkol ɗin nan na kantin magani da ake goge wurin allura da shi, wanda mutanen Kamba ke ce wa sifirit, shi ya fi. A ɗiga a auduga, a dafa, a sake auduga, kada a bar shi ya bushe a wurin.

Ɗigon ruwan rijiya. Waɗanda suka san Dallol Foga sun san abin da ruwan ƙasarmu ke bari in ya ƙafe. Mota ma haka ne, in aka wanke ta a rana ruwa ya bushe da kansa, gishiri da farar ƙasar da ke cikinsa su zauna zobe-zobe. Tsami ke narka su. A haɗa binigar da ruwa rabi da rabi, a jiƙa tsumma a shimfiɗa minti biyu ko uku, a ɗauraye sosai. In ba binigar, ruwan lemun tsami da aka tace aka tsinka da ruwa yana yi.

Ɗigon siminti da farar ƙasar magina. Su ma binigar ne, amma sai an yi ta maimaitawa. In sun yi laushi a ture su da farce ko gefen katin roba. Ban da reza, ban da wuƙa.

Fentin wani abu dabam. A gefen dama akwai jan layi inda amalanke ya goge ta. Mun ɗauka tsaga ce, ashe fentin amalanken ne ya manne a sama. Man goge da tsumma suka ɗauke shi cikin 'yan mintoci.

Tartsatsin walda. A murfin inji mun iske ɗigo-ɗigon tsatsa kamar barkono. Garin ƙarfe ne ya sauka da zafinsa ya kafe, damina ta sa ya yi tsatsa. Dattijon ya zo da wani danƙo da ake yi musamman domin wannan aiki, mai kama da laka. Ana jiƙa wurin da kumfa, a yi ta zamar da danƙon a kai yana tsince ƙarfen, in ya yi dauɗa a naɗe a fito da sabon gefe. Kada wani ya ji mun ce laka ya je bakin Kwara ya ɗebo, ta kogi yashi ce.

Mu ƙara da jan kunne: kananzir da alkol wuta ne. Ban da taba a wurin, kada kuma a zuba su a kwalbar lemo a aje inda yara ke kaiwa.

5. WAƊANDA KE CIKI

Da muka ɗauke duk abin da ke sama, sai ainihin ciwon ya bayyana, iri huɗu.

Na ɗaya, sawun kashin jemage. Kashin ya fita amma hotonsa na nan. Dalili shi ne akwai tsami mai cin fenti a cikinsa, ga kuma rana. Cikin Afrilu, in iska ta kai digiri 40, ƙarfen mota mai duhun launi yakan wuce digiri 60. Berni ta yi laushi da rana, da dare ta ƙame a kewayen busasshen kashin, ta ɗauki siffarsa. Mun ƙirga irin wannan tabo goma sha ɗaya a murfin inji. Biyar sun fita da man goge kaɗai. Biyu sai da aka sa samfefa. Huɗu kuwa da dattijon ya duba su ya ga sun tsattsage kamar gindin tafki da rani, ya ce a bar su, tsagar ta kai ƙasa.

Ga yadda ya yi aikin samfefa, domin samari su ji. Samfefa tana da lamba a bayanta, gwargwadon girman lamba gwargwadon laushinta. Ta kafinta 80 ce ko 120. Ta wannan aiki 2000 ce, a bi ta da 3000. Ya jiƙa ta a ruwa tukuna, ya naɗa ta a ɗan guntun roba mai laushi domin kada yatsa ya yi rami, ya shafa sau biyar ko shida yana zuba ruwa, ya share, ya duba. Ruwan da ke gangarowa fari-fari ne kamar tsinkakken nono, watau berni ke fita. Ya ce ranar da ka ga ruwan ya ɗauki launin mota, ka aje samfefa ka je ka nemi mai motar. Bai kusanci gefe ko ƙusurwa ba, domin nan fenti ya fi sirantaka. Bayan haka ya bi wurin da man goge har ƙyalli ya dawo.

Na biyu, farin hazo a bisa but. Nan ne muka rufa mata tsohon tamfol. Ruwan damina ya shiga ƙarƙashinsa, rana ta dafa, danshi ya shige cikin berni ta yi fari. Mun so mu sa samfefa, dattijon ya hana. Ya ce a bar wurin a buɗe a rana. Cikin mako guda yawancin hazon ya tafi da kansa, ba a taɓa shi ba.

Na uku, inuwar rubutu. Da muka ɓare tsohuwar takardar sunan ƙungiya daga ƙofar gaba, sai ga sunan yana nan ana karantawa. Wannan ba tabo ba ne. Fentin da ke ƙarƙashin takardar ne bai sha rana ba, na kewaye ya koɗe. Ba abin da za a goge. Da sannu rana za ta rage bambancin.

Na huɗu, rufin mota. Kun ga fararen filaye kamar ƙyasfi, gefensu na ɓarewa kamar saɓar maciji. Nan berni ce ta mutu, rana ta raba ta da launi. Babu man goge a duniya da ke ta da ita. Goga ma ƙara ɓare ta take yi.

To, ga amsar masu cewa ragwanci muka yi. Tabo huɗun nan na murfin inji, in mun so, yau ɗin nan sai mu shafe su. Amma za mu shafe su ne tare da bernin da ke kare wurin, baɗi war haka murfin ya koma kamar rufin. Garin gyaran gira ba ma rasa ido ba.

6. MAGANAR ƘOFA

Yanzu ga abin da ya faru, ba ragi ba ƙari. Rana ta fari, tun ba mu je wajen dattijon ba, muka tara samari uku, muka ba su bokiti da tsumma muka ce su goge ta ta yi ƙyalli, mu kuwa muka koma wajen makaniki. A ƙofar baya akwai danƙon mangwaro da ya ƙi sabulu. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi su himma, ya tuna ya taɓa ganin an cire irinsa da diluwan, watau ruwan da ake tsinka fenti da shi, wanda a Najeriya ake kira tina. Ya je ya samo da kuɗinsa. Ya shafa, danƙo ya fita, amma wurin ya yi laushi ya dushe. Tsoro ya kama shi, ya ɗauko samfefar kafinta domin ya daidaita. Kafin ya farga ya kai ga shimfiɗa.

Bai gudu ba, bai ɓoye ba. Ya iske mu ya durƙusa ya ce, "Baba, na yi ɓarna, ku zo ku gani."

Abin da bai sani ba, mu ma ba mu sani ba, shi ne ƙofar nan an taɓa sake mata fenti tun kafin mu saye ta. Fentin masana'anta a cikin tanda ake gasa shi, yana da tauri, yakan jure abin da na garaji ba ya jurewa. Na garaji iska ke busar da shi, wani irinsa kuwa diluwan na narka shi ko bayan shekaru. Dattijon ya nuna mana alamu: launin ƙofar ya ɗan saɓa da na maƙwabciyarta in an tsaya nesa, fatarta ƙuraje-ƙuraje kamar ɓawon lemo, ga sawun fenti a bakin robar gilashi. Ya naɗe ƙaramin maganaɗisu a tsumma ya bi ƙofar da shi, a ƙasa ya ƙi kamawa, watau akwai mastik a wurin. Mota 'yar Kwatano da wuya ka samu wadda ba a taɓa wa wani sashe ba, saboda haka kowane sashe a gwada shi dabam.

Mu ne muka sa yaro aikin da ba mu koya masa ba, muka juya baya. Laifin namu ne, mu 'yan kwamiti, mun kuwa ɗauka a gabanku.

7. DABARUN DA ZA A GUJE WA

Samarinmu da yawa suna cin abinci da wankin mota a Gaya, wajen tasha da filayen da ake aje motoci kusa da duwan. Ku saurara, domin mota ɗaya da kuka ɓata tana iya cinye aikin wata uku, ta kuma tafi da sunanku.

Kada ku shafa baƙin mai, ko gas, ko man gyaɗa domin mota ta yi ƙyalli. Mai yana cika ramuka ido ya daina ganinsu, ya kwashi ƙura, a wanki na fari tabo ya dawo. In dillali ne ya sa ku domin a rufe idon mai saye, ku sani in asiri ya tonu ku za a nuna.

Man birki yana cin fenti, ruwan batir ma haka. In sun ɗiga a jikin mota a kwara ruwa nan take.

Ban da toka, da yashi, da soson ƙarfe na wanke tukunya. Garin sabulun wankin tufafi kuma yana wanke kakin da ke kare fenti.

Kada ku ɗaura soso a injin gurza ƙarfe na mai walda. Wannan inji yana juyawa sau 10,000 ko fiye a minti ɗaya, alhali injin goge mota yawanci tsakanin 1,000 da 2,000 ake aiki da shi. Kafin ƙiftawar ido ya ƙone fenti.

Kada ku yi aiki a rana. In bayan hannunka ba ya iya zama a kan ƙarfe, ba lokacin goga ba ne.

Kafin ku taɓa motar mutum, ku zagaya da shi ku nuna masa: wannan zai fita, wannan zai ragu, wannan ba zai fita ba. Wanda aka gaya wa tun fari ba ya rigima daga baya.

8. SHAWARWARINMU

Muna roƙon taro ya duba abubuwa shida:

Na ɗaya, kada a sake wa motar fenti gaba ɗaya, kamar yadda wasu suka nema. Fentin masana'anta da ya rage a jikinta ya fi wanda za mu iya saye.

Na biyu, a yi wa rufi da ƙofar baya fenti kafin ruwa ya sauka. Wannan ba ado ba ne. Ƙasar Gaya ta fi ko'ina samun ruwa a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, inda shimfiɗa ta bayyana kuwa tsatsa ba ta jira. Sabon fenti kuma kada a shafa masa kaki sai ya yi wata ɗaya zuwa uku, yadda mai fenti ya faɗa.

Na uku, ragowar kuɗin da aka tara domin fenti a sayi taya biyu a gyara birki. Mai naƙuda da za a kai Doso da dare ba ƙyallin mota take bukata ba.

Na huɗu, a kafa mata rumfa, ko ta zana ce, nesa da mangwaro. A riƙa wanke ta kowane mako ko tana aiki ko ba ta yi. Bayan wata uku uku a shafa mata kakin mota, wanda mafi shahararsa daga ganyen wani icce ɗan'uwan giginya ake samunsa a ƙasar Birazil. Kaki ba ya warkar da tabo, amma yana sa kashin tsuntsu da ƙaro su tsaya a kansa kafin su kai ga berni.

Na biyar, yaron nan ba zai biya ko dala ba. Kuɗin ƙofar mu huɗu za mu haɗa daga aljihunmu. Dattijon ya yarda ya karɓe shi koyon aiki wata uku, domin ya ce yaron da ya yi ɓarna ya kawo kansa shi ake koya wa sana'a. Muna roƙon ƙungiya ta ɗauki kuɗin abincinsa, in ya dawo ya koya wa 'yan'uwansa.

Na shida, in wata rana taro ya ga a sayar da motar, a nuna wa mai saye tabo huɗun nan, da rufi, da ƙofa, a faɗa masa abin da aka yi musu.

Ranka ya daɗe, jama'a, iyakar bayaninmu ke nan. Bayan an tashi, duk mai so ya same mu wajen motar, akwai leda da bokitin ruwa, kowa ya gwada da hannunsa ya ga wane tabo ke sama, wane ke ciki. Samari masu wankin mota kuma su tsaya, dattijon ya yi alkawarin zai nuna musu aikin samfefa a kan wata tsohuwar ƙofa da ya zo da ita. Inda muka yi kuskure a gafarce mu. Shugaba, magana ta dawo gare ka.